Canjin Boris a Ƙafar Mota ta Gaba

Boris kalmar aro ce da ta zauna daram a bakin kanikawa da direbobi. Abin da ake nufi da ita shi ne wasu zobba biyu na ƙarfe, ɗaya cikin ɗaya, da ƙananan ƙwallaye a tsakaninsu suna mirginawa cikin giris. A ƙafar mota, boris ne yake riƙe da hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a jikinta. Don haka nauyin mota da na lodinta duk a kansa suke sauka, alhali taya tana juyawa.

Babu abin da yake kashe boris da wuri kamar ruwa da yashi, kuma ƙasar Haɗejiya tana da su duka biyu. Kogin Haɗejiya yakan tumbatsa a watannin Agusta da Satumba, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, inda ruwa ya malale yankunan Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. Idan mota ta kutsa cikin ruwa boris yana da zafi, sai ya huce farat ɗaya, ya zuƙo ruwa da laka ta gefen robar da take rufe shi. Daga nan giris ya tsinke, tsatsa ta kama. Galibi illar ba ta bayyana sai da kaka, lokacin da ake jigilar shinkafa.

Alamar farko ita ce wani gurnani da yake ƙaruwa gwargwadon gudun mota. In ya tsananta sa'ad da aka karya kwana zuwa hagu, to boris na dama ake zargi, domin can nauyi ya koma. Bakanike yakan ɗaga motar da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza. In ta yi lilo, magana ta ƙare. Direban da ya yi biris da wannan yana kasadar ƙafar ta cije, ko ma ta fita, mota tana tsakar gudu.

Wajen canji, ana fara sassauta babban notin tsakiya tun mota tana ƙasa. Sa'annan a ɗaga ta, a tokare, a cire taya. Sai a kwance birki a rataye shi da waya, kada nauyinsa ya tsinka tiyon mai. Bayan haka a fitar da ƙarfen da boris yake zaune a ciki.

A nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. A yawancin motocin haya irin su Golf, matsa boris ake yi da injin matsi, kuma a kan zoben waje kaɗai ƙarfin ya kamata ya sauka. Wanda ya bi shi da guduma, kamar yadda ake yi a gareji da dama, yakan lotsa hanyar ƙwallayen, sai sabon boris ya soma kuka kafin ya kai ko'ina. Haka nan idan za a mayar da hob, dole a tokare zoben ciki daga baya.

Shi kuwa babban noti, sabo ake sawa, a ɗaure shi daidai awon da kamfanin motar ya ƙayyade, ba a sauke nauyin mota a kan ƙafar ba sai ya kama. Kafin a tashi kuma, sai an tattaka birki har ya yi tauri.