Sayen Motar Alfarma: Sabuwa Ko Tokumbo?

LEGAS: Ɗan kasuwar da ke niyyar sayen matsakaiciyar motar alfarma mai gudu, irin BMW 5 Series ko Mercedes-Benz E-Class, ya sani cewa kuɗin da dillali ya faɗa ba shi ne ƙarshen lissafi ba.

Daga ƙasashen waje ake shigo da waɗannan motoci, saboda haka farashinsu yana bin dala. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin mota da na fito duk sun hau.

Sabuwa tana da tsada, amma tana zuwa da garanti. Tokumbo kuwa ta fi araha, sai dai kayan gyaranta ma da dala ake sayo su.

Babban haɗarin yana ga takardu. A shekarar 2022 hukumar kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito bisa lambar shasi. Wajibi ne mai saye ya tabbatar lambar jikin motar ta dace da ta takardar kwastan kafin ya biya, domin motar da ba a biya mata fito ba ana iya ƙwace ta a kan hanya.