Daga Haƙurin Shaihu Umar Zuwa Rijiyar Sumayya: Yadda Matashin Adabin Hausa Ya Fara Cewa A'a

Ɗaliban da ake kaiwa ziyara kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a birnin Bauchi sukan ji tarihin firaministan Najeriya na farko. Ba kasafai ake tuna musu cewa tun yana malamin makarantar Midil ta Bauchi ya rubuta Shaihu Umar ba, ɗaya daga cikin littattafan da suka yi fice a gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East.

Umar, wanda ya ba almajiransa labarinsa a Rauta kusa da Bauchi, yaro ne da aka sace, aka raba da mahaifiyarsa, aka ƙetare Sahara da shi. Duk da haka bai taɓa ɗaga murya ba. Haƙuri da karatu suka mayar da shi shaihi. Irin matashin da wancan zamani ya so a yi koyi da shi ke nan.

Sai dai zafin ƙuruciya bai daɗe a ɓoye ba. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937, Musa ɗan Sarki Abdurrahman ya yi ta ɗaura ɗamarar saɓa wa umarnin mahaifinsa, ya bi Mahmudu fagen yaƙi, alhali tarkon Waziri na jiransa a waje. Aku ne ya riƙe shi da labari dare bayan dare, har Sarki ya komo. Imam ya yarda cewa jinin yaro na tafasa, amma ya ajiye masa mai lallashi a kusa.

Bayan shekara 50 mai lallashin ya ɓace daga shafukan littafi. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, an cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma. Ta tsere zuwa Kaduna, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa, da aka nace sai Sumayya ta auri attajiri Abdulƙadir maimakon Muhammad da take so, sai ta faɗa rijiya. Aikin gaggawa ne, babu shawara a cikinsa, amma ya biyo bayan dogon roƙon da manya suka toshe wa kunne.

Wannan sauyi ya jawo wa marubutan zargin ɓata tarbiyya, har aka kai ga ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano a 2007. Toka ta kwanta, ƙorafin da ke cikin littattafan bai kwanta ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara da gwamnatin tarayya ta kafa a 2003 ta shafe shekaru tana jira kafin jihohin Arewa da dama su amince da ita, kuma auren dole da cire 'ya'ya mata daga aji ba su zama tarihi ba tukuna.

Shi kansa mahaliccin Umar bai tsaya ga haƙuri kaɗai ba. Ya zauna da Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano a dandalin muhawara na Bauchi a shekarun 1940, sannan a 1950 ya miƙe a majalisar Arewa da ke Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, cikin ladabi amma ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Ga ma'aikaci ko hadimin da ke rubuta wa maigidansa shawara kan ilimi da matasa, aikin aku na nan a buɗe. Ladan da ya samu a littafin Imam shi ne wazirci, domin ya tsaya ya saurari yaron tun kafin ya kai bakin ƙofa.