Wa Ke Ba 'Ya'yanmu Labari Da Dare? Darajar Tatsuniya A Ƙasar Batsari Da Safana

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Batsari da Safana kafin wannan fitina ya san abin da ke biyo bayan sallar isha'i. An ci tuwo, wutar makarantar allo ta mutu, farin wata ya cika tsakar gida, sai yara su kewaye kaka a bisa tabarma. Ta ce, "Ga ta nan, ga ta nan ku." Su amsa, "Ta zo mu ji ta." A yau, a ƙauyuka da dama na bakin Dajin Rugu, dare ya zama lokacin kasa kunne ga ƙarar babura. Iyalai masu yawa sun bar gidajensu, sun koma cikin garin Batsari, ko Dutsin-ma, ko birnin Katsina. Muna lissafin rayuka da shanu da gonaki, kuma ya dace mu lissafa. Amma hirar dare ma ta salwanta, ba mu ga wanda ya sa ta a lissafi ba.

Ɗalibai kan tambaye mu: shin tatsuniya ba ƙarya ba ce, alhali Musulunci ya haramta ƙarya? Tambaya ce mai kyau, kuma akwai malaman da suka ƙyamaci ƙagaggen labari saboda wannan tsoro. Sai dai ƙarya ita ce ka faɗi abin da bai faru ba don a ɗauka ya faru. Ita kuwa tatsuniya da bakinta take tona asirin kanta. Idan kaka ta kai ƙarshe takan ce, "Ƙurungus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Babu yaron da ya taɓa tashi daga tabarma yana zaton kura ta yi magana da gaske. Misali ne aka buga masa, kuma ya san misali ne. Haka Musulmi suka karɓi littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8 na Miladiyya, dabbobi na magana a cikinsa, sarakuna da malamai na ɗaukar darasi.

Tarbiyya ta hanyar labari kuwa tana da tushe a addininmu. Suratu Yusuf kusan gaba ɗayanta ƙissa ɗaya ce, daga mafarki zuwa cikarsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin Ummu Zar'in, inda Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta kawo labarin mata goma sha ɗaya da suka zauna kowacce tana siffanta mijinta, Manzon Allah (SAW) kuma ya kwatanta kansa gare ta da mafi kirkin mazan. A ɗaya ɓangaren, littattafan sira sun ambaci Nadru ɗan Harisu, wanda yake tara mutanen Makka yana ba su labarin jaruman Farisa, Rustum da Isfandiyar, don ya kawar da su daga sauraron Alƙur'ani. Ga labari a gidan Annabta, ga labari a bakin maƙiyi. Abin da ya raba su shi ne manufa, da kuma inda labarin ke kai mai sauraro.

To, ina tatsuniyoyinmu ke kai yaro? Mu tuna ta 'yar bora da 'yar mowa. Ɗaya ta gamu da tsohuwa a hanya, ta yi mata ladabi, ta cuɗa mata baya, ta dawo da arziki. Ɗayar ta bi sawunta da raini da gatsali, ta dawo da abin kunya. Yarinyar da ta ji wannan tana shekara shida ta riga ta san nauyin girmama babba tun kafin ta karanta babinsa a Islamiyya. Shi ma Gizo, duk wayonsa, sau da yawa kwaɗayinsa ke jefa shi a rami, Ƙoƙi na kallo. Ban da ɗabi'a, a nan yaro ke tsintar karin magana, da iya jera zance, da haƙurin sauraro har a kai aya.

Bayan tatsuniya akwai labaran kakanni, waɗanda tarihi da ƙari suka cakuɗe a cikinsu. Akwai na Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Akwai na Korau da Sanau, kokawar da ta sauya gidan sarautar Katsina, har ake ɗaukar Muhammadu Korau a matsayin sarkinta Musulmi na farko. A nan kusa akwai labaran Ɗanwaire, barden da ake danganta shi da Ruma. Wasu daga cikin waɗannan labarai na ɗauke da zancen tsafi da layu. Bai kamata mu binne su saboda haka ba. Mu faɗe su da lafazin "an ce", mu nuna wa yaro inda mutanen da suka kuskure, mu gode wa Allah da Ya shiryar da mu. Wanda bai san duhun da kakanninsa suka fito ba, da wuya ya san darajar fitilar da ke hannunsa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, zuciyar yaro ba ta zama babu labari. Idan kaka ta yi shiru, waya za ta yi magana. A TikTok ana ganin masu ɗauke da bindiga suna baje kuɗi. Yaron da ya tashi bai ji labarin wani gwarzo ba sai wannan, wa muke zaton zai yi sha'awar zama? Haka kuma yaran da aka haifa cikin wannan rikici ba su ga zamanin da makiyayi ke sauka a gonar manomi bayan girbi ba, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi, a haɗu a sahu ɗaya ranar Juma'a. Dattawanmu sun ga wannan da idonsu. Idan suka tafi ba su faɗa ba, sai a bar wa jikoki gadon gaba kaɗai.

Magabata sun nuna mana hanyar adanawa. Tsakanin 1911 da 1913 aka buga tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara, cikin mujalladi uku. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu kuma ya koyar a Katsina, ya ɗauko labarai daga gida da waje ya yi musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa na iya ɗora wa a kai. Wayar da ke ɗauke hankalin yara ita ce dai za ta iya naɗar muryar tsohuwar da ke zaman hijira a maƙwabta, kafin ƙasa ta rufe mata ido.

Ga magidanta kuwa, abin ba ya buƙatar kuɗi. Idan bayan isha'i ya yi nauyi, a zauna da yamma, ko tsakanin magariba da isha'i. A kiyaye abubuwa uku: kada hira ta ci lokacin salla da karatu, a tsame batsa da abin da ke girmama tsafi, kuma a bambance wa yaro sarai tsakanin ƙissar Annabawa, wadda gaskiya ce da ba a yi mata ƙari, da tatsuniya, wadda misali ce.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Batsari da Safana da sauran ƙasashen Musulmi, Ya mayar da masu hijira gidajensu, Ya shirya mana zuriya. Amin.