Sufeto Mai Shirme Ya Raba Kan Masu Kallo

Wani tsohon zanen barkwanci da matasa ke kallo a wayoyinsu ya jawo muhawara. Sunansa The Inspector, kuma kamfanin DePatie-Freleng na Amurka ne ya yi shi kashi 34 daga 1965 zuwa 1969.

Jarumin wani sufeton 'yan sandan ciki ne a birnin Faris, mai cika baki, wanda duk tarkon da ya ɗana wa ɓarawo shi ne farkon faɗawa ciki. Sau da yawa bom a hannunsa yake tashi, ya koma ofis baƙi ƙirin ya sha faɗan kwamishina.

Ɗalibai na ɗaukarsa raha ce kawai, tunda ko wanda ba ya jin Turanci zai gane. Dattawa kuwa ya tuna musu da Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, inda aka saba yi wa mai kaki dariya.

Amma akwai waɗanda dariyar ke yi wa wuya. A Ƙanƙara ne 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya cikin Disamba 2020, don haka jami'in da ɓarawo ke kufce wa kullum ba wasa ba ne a wurinsu.

Ƙananan ma'aikata su hankalinsu na kan Saje Deux-Deux, mataimakin da yakan hango haɗari tun da wuri, maigidansa ya ƙi saurarensa.