Ko Kun Sani?

Atunin da ke kama mutane a Kankara, Faskari da Sabuwa bayan shan gurɓataccen ruwan kududdufi ko rijiya, wani lokaci ƙwayar amiba ce ke haddasa shi, wadda likitoci ke kira Entamoeba histolytica. A 2005 masana suka karanta tsarin gadonta, suka adana a kwamfuta. Yanzu suna tace bayanan don gano ƙananan ƙofofin jikinta da sinadaran gishiri ke shiga da fita ta cikinsu. In ƙofar ta bambanta da ta ɗan Adam, magani zai iya toshe ta, ya kashe ƙwayar ba tare da cutar da majiyyaci ba.