Daga Tasawa zuwa bakin teku: ina ya kamata ɗan kasuwa ya je ya huta?

Kwanakin baya, a cikin shirinmu na ƴan kasuwa a gidan rediyo, wata Hajiya mai sayar da atamfa ta bugo waya daga Mayahi, ta ce shekararta goma sha ɗaya tana zuwa Lome sarin kaya, amma ko sau ɗaya ƙafarta ba ta taɓa taka rairayin teku ba. Iyakarta ta hango shi ta tagar mota. Da na ce mata ai Hajiya daga babbar kasuwar Lome zuwa bakin ruwan tafiyar ƴan mintoci ce a ƙasa, sai ta yi dariya ta ce: "Ɗana, wanda ya je da jarin mutane a ƙugu ina ya ga ta kallon ruwa?" Amma kafin ta ajiye waya sai ta tambaye ni, in za ta je, wane wuri ya fi.

Wannan tambaya ta Hajiya ita ce zan amsa a yau, don na san ba ita kaɗai ba ce. Mutanen Tasawa da Mayahi da Maraɗi sun daɗe suna bin hanyar kudu, tun zamanin fatake, ga zangunanmu nan a Kwatano da Lome da Akra suna ba da shaida. Mutum ya yi tafiyar da ta haura kilomita 1,400, ya sha zaman mota har ƙafa ta kumbura, bai kamata a ce yini ɗaya na hutu ya gagare shi ba.

Sai dai mu da muka tashi a bakin Gulbin Kaba, ruwan da muka sani shi ne na tabki da na kwazazzabo lokacin damina, wanda ya yi nisa ya ga tabkin Madarunfa. Wannan ruwa ne mai kwanciya, mutum yana shiga a hankali yana jin ƙasa a ƙarƙashinsa. Tekun Benin da Togo ba haka yake ba. Gaɓar tana da gangara, taku biyu uku sai zurfi, igiyar ruwa kuma tana fashewa ne daf da rairayi, in za ta koma sai ta kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarka. A wasu wuraren akwai wata hanyar ruwa mai ja zuwa tsakiyar teku, kuma abin mamaki, nan ne ruwan yake kama da ya fi lafawa, babu kumfa sosai, sai baƙo ya ɗauka nan ne wurin wanka. Masu iyo ma an koya musu kada su yi kokawa da wannan ja, su bi ta gefe har su fita daga cikinsa. To ina ga wanda bai iya iyo ba, ga zani ko babbar riga da ta sha ruwa ta yi nauyi? Ni kaina zuwana na farko, ina tsaye ruwa iya idon sawu ina ɗaukar hoto, igiya ɗaya ta kayar da ni zaune, ta tafi da takalmina ƙafa ɗaya, salula kuwa ruwan gishiri ya gama da ita. Wani masunci da ke gyaran taru a gefe ko kallona bai yi sau biyu ba, da alama ya saba ganin irinmu.

Saboda haka shawarata ita ce a zaɓi wurin da ke da faɗin rairayi da inuwa, inda za a zauna nesa da ruwa a more kallo. Akwai kuma dabara mai sauƙi ta gane irin wannan wuri. A wannan gaɓa teku yana tura rairayi ne daga yamma zuwa gabas. Da aka gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano a 1965, da ta Lome a 1968, sai katangunsu suka tare rairayin, ya taru a yammacinsu, gabas kuwa ruwa ya shiga cin ƙasa. A gabashin Lome, ta wajen hanyar Aneho, teku ya cinye tsohon titi da gidaje da gonakin kwakwa, haka ma unguwar Akpakpa a gabashin Kwatano, inda sai da aka jera manyan duwatsu don tare ɓarnar. Ke nan mai neman fili ya nufi yammacin tasha.

A Lome abin ya zo da sauƙi, domin rairayin cikin gari yana yammacin tashar ne, ya miƙe tare da babban titi da layin itatuwan kwakwa har iyakar Gana a Aflawo. Daga nan ana ganin ragowar ƙarafan tsohuwar gadar sauke kaya ta zamanin Turawa a cikin ruwa, can nesa kuma ga manyan jirage sun yi layi suna jiran shiga tasha, wataƙila ma kayanki na cikin ɗayansu, Hajiya. Amma gaskiya ɗaya ce, ba ko'ina ne ke da tsabta ba, akwai sassan da mutane suka mayar wurin bahaya, kuma da magariba ta yi wurin ba na baƙo ba ne, ƴan ƙwace sun san mai jaka. Wanda yake son natsuwa ya wuce tasha zuwa wajen Bagida da Abefozo, inda akwai wuraren da aka killace ana biyan kuɗin shiga, da rumfuna da kujeru da makewayi. A wasu daga cikinsu wani shimfiɗaɗɗen dutse a cikin ruwa yana karya ƙarfin igiya kafin ta iso.

A Kwatano kuwa wurin da kowa ya sani shi ne Fijirose, bayan filin jirgin sama, kowane mai zemijan zai kai ka. Daga nan hanyar da ake kira hanyar masunta ta kama, tana bin gaɓa har Wida, kimanin kilomita 40. Ni dai a ganina wannan ya fi ko'ina daɗin kallo da sassafe, lokacin da masunta suke jan taru daga tudu, maza sun yi dogon layi a kan igiya suna waƙa, mata na jira da kwanoni don sarin kifi. Ƴar kasuwa za ta ji kamar tana gida, don cinikin nan take ake yinsa. A nemi izini kafin a ɗauki hotonsu. A Wida akwai ƙofar tunawa da bayin da aka kwasa zuwa Amurka, wadda aka gina a 1995 a bakin ruwa, kusan kilomita 4 daga cikin gari. A wajen 10 ga Janairu ake bikin masu addinin gargajiya na Bodun a can, garin yana cika maƙil, mai neman shiru sai ya kauce wa wannan mako.

Wanda ke da kwana biyu, Garan-Fofo ya fi duka kyau. Yana kan hanyar Kwatano zuwa Lome, kusa da iyakar Hilakonji, ke nan mai sari a garuruwan biyu ba sai ya yi wata tafiya ta daban ba. Rairayi ne fari-ja mai tsawo, ga kwakwa, ga ƙarancin hayaniya, ana kuma ɗaukar mutum a kwale-kwale a kogin Mono har inda yake haɗuwa da teku. Amma igiyar wurin tana daga cikin masu haɗari, kyan ya tsaya a ido. Mai sha'awar taɓa ruwa, ko wanda ya je da yara, gara ya nufi tabkin Togo a Agbodarafo, kimanin kilomita 30 daga Lome, ruwa ne kwantacce irin wanda muka sani.

Lokaci ma abin dubawa ne. Daga Afrilu zuwa Yuli damina ce sosai a can, Agusta kuma akwai sanyi da haukan teku. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi, ya kuma dace da bayan kaka a wajenmu, lokacin da kuɗi ke hannu. Asabar da Lahadi da yamma wuraren cikin gari suna cika da kiɗa da mashaya da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Iyayenmu mata za su fi sakewa da safiyar ranakun aiki.

Maganar hanya kuwa ta sauya tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe gadar Gaya da Malanbil. Ko bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024 Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba a lokacin, matafiya suka koma tsallaka kogi a jirgin ruwa, manyan kaya kuma suka koma biyowa daga Lome ta Burkina. A Janairu 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar. Don haka a tambayi tasha halin da iyaka take ciki kafin a yanki tikiti, a riƙe takardun shaida masu rai da katin rigakafin shawara. Sauƙin da ke akwai shi ne Benin da Togo sefa suke ci kamar mu, babu asarar canji irin ta Gana ko Najeriya.

Dangane da jarin da ke ƙugu, abin da na gaya wa Hajiya shi ne ta bar zuwa teku sai ranar ƙarshe, bayan kuɗi ya zama kaya, kaya kuma sun shiga hannun mai lodi ta karɓi takardarta. Ta ɗauki jika biyu ko uku na mota da ruwan kwakwa, ta tafi da abokiyar tafiya ko ɗan masaukinta na zango. Ta ce to, amma da sharaɗi ɗaya: za ta je da gorar roba, don tun da ta fara zuwa Lome surukarta take roƙonta tsarabar ruwan teku, ita kuwa kullum sai ta ce ta manta.