Karatu a Indiya: Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani Game da Rayuwar 'Ya'yansu

LEGAS: A tsakanin 'yan kasuwar Arewa mazauna Legas, tun daga dillalan shanu na mayankar Oko-Oba da ke Agege har zuwa masu sarin tumatir da albasa na kasuwar Mile 12 da ke gaba da Ojota, ƙasar Indiya ta shiga jerin wuraren da ake tura yara neman ilmi mai zurfi. Dalilan a bayyane suke: da Turanci ake koyarwa, kuɗin makaranta bai kai na Ingila ko Amurka ba, kuma ba a fama da dogon yajin aikin malamai irin na 2022, wanda ya rufe jami'o'in gwamnatin tarayya har wata 8.

Gwamnatoci ma sun bi wannan hanya. A 2023 Gwamnatin Jihar Kano ta farfaɗo da shirin tura ɗalibai karatun digiri na biyu a waje, ta kuma bayyana cewa mutum 1,001 ne za su amfana, akasarinsu a Indiya. Sai dai wanda mahaifinsa ke ɗaukar nauyinsa ba shi da wata gwamnati a bayansa, don haka wajibi ne uban ya san yadda lissafin yake tun kafin a sayi tikitin jirgi.

Abu na farko shi ne kuɗi iri uku ne ke cikin lamarin. Uba da naira yake ciniki, jami'o'i masu zaman kansu galibi da dala suke yanka wa baƙi kuɗin makaranta, shi kuwa ɗalibi da rupi yake cefane da biyan haya. A da, iyaye kan cika takardar Form A a banki su sami dala bisa farashin gwamnati, ko da yake ana daɗewa ana jira. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa naira mara, dalar da ake samu a kan kimanin naira 460 ta haura naira 1,400 a farkon 2024. Ke nan wanda ya yi lissafin karatun shekara huɗu bisa tsohon farashi ya tarar nauyin ya ninka sau uku, alhali makarantar ba ta ƙara ko sisi ba.

Abu na biyu shi ne ɗalibi ba zai iya cike giɓin da guminsa ba. Bizar karatu ta Indiya ba ta ba da izinin aikin albashi. A nan ne rayuwarsa ta sha bamban da ta 'yan Indiya masu fita waje. Su ma suna fita da yawa, domin a zangon karatu na 2023/24 fiye da 330,000 daga cikinsu ne ke Amurka, suka zarce 'yan Sin a yawa. Amma a Ingila da Kanada doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki na wasu sa'o'i a mako ya rage wa iyayensa nauyi. Ɗan Nijeriya a Indiya kuwa, in kuɗin gida ya makara, sai bashi ko taimakon abokai.

Na uku shi ne takardu. Duk baƙon da bizarsa ta wuce kwana 180 dole ne ya yi rajista da ofishin kula da baƙi, wanda aka fi sani da FRRO, cikin kwana 14 da saukarsa. Haka kuma ana bukatar katin rigakafin shawara kafin shiga ƙasar. Sabunta izinin zama ya dogara ne a kan takardar shaida daga makaranta, wadda ba kasafai take bayarwa ga mai bashi ba. Da haka jinkirin kuɗi kan rikiɗe ya zama laifin zama ba bisa ƙa'ida ba, wanda hukuncinsa tara ne, ko tsarewa, ko kora daga ƙasa.

Ta fuskar masauki, ɗakin kwanan makaranta ya fi sauƙi ga sabon zuwa, domin yakan haɗa da abinci. Amma abincin galibi shinkafa ce da miyar wake da gurasar alkama, sau da yawa babu nama. An haramta yanka shanu a jihohi da dama, har da Uttar Pradesh inda garin Greater Noida mai tarin jami'o'i yake, don haka naman kaza, akuya ko ɓauna ake samu, kuma na halal sai an nemi unguwannin Musulmi. Wannan ne ke sa ɗalibai da yawa su haɗa kuɗi su kama haya don su riƙa girki da kansu. Yarjejeniyar haya yawanci ta wata 11 ce, kuma mai gida kan karɓi kuɗin ajiya tun farko, wanda a birnin Bangalore yakan kai na watanni masu yawa.

Yanayi ma yana da nasa kuɗin. A yankin Delhi zafi kan wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, kuɗin lantarki ya tashi, sannan a Disamba da Janairu a shiga sanyin da ya fi hunturun Kano. Sufuri dai ba baƙo ba ne, domin kekunan Bajaj da TVS da ake haya da su a Agege da Kano daga can aka ƙero su. Sai dai a kasuwa da Hindi ake ciniki a arewacin ƙasar, kuma wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya yakan ci ribar ɗan abin da ya tsinta.

Akwai kuma batun zamantakewa. A watan Maris na 2017 wasu gungun mutane sun far wa ɗalibai 'yan Nijeriya a Greater Noida, har gwamnatocin ƙasashen biyu suka shiga maganar. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba, amma ya nuna amfanin shiga ƙungiyar ɗalibai da sanar da ofishin jakadancin Nijeriya da ke New Delhi.

Daga ƙarshe, ba kowace takarda ce ke da daraja a gida ba. Kafin mai digirin waje ya tafi hidimar ƙasa sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta tantance takardunsa, likita kuwa sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa kafin a ba shi lasisi. Saboda haka ya kamata uba ya tabbatar hukumar jami'o'in Indiya, wato UGC, ta amince da makarantar, ya biya kuɗi kai tsaye cikin asusunta maimakon hannun dillali, kuma ya tanadi kuɗin zango na gaba tun lokacin da kasuwa take ci, ba sai wa'adi ya ƙarato ba.